Gidan Yarin Mata a Wasannin Talabijin: Tambayoyi da Amsoshi

Wasannin kwaikwayo masu dogon zango da aka gina labarinsu a cikin gidan yarin mata sun daɗe suna jan masu kallo, kuma tun da kallo ta intanet ya yawaita, waɗanda a da sai a Ostireliya ko Ingila ake ganinsu sun shigo wayoyin mutane a ko'ina. Mafi yawan masu kallonsu ba su taɓa taka ƙofar gidan yari ba, ballantana ɓangaren mata, don haka abin da suka gani a allo shi ne kusan duk abin da suka sani game da rayuwar wurin. Tambayoyin da ke ƙasa suna auna abin da ake nunawa da abin da aka tabbatar yana faruwa.

Tun yaushe talabijin ta fara shiga gidan yarin mata?

Silima ta riga talabijin, domin tun a 1950 aka yi fim ɗin Caged a Amurka, wanda marubuciyarsa ta shiga gidajen yari ta ga yadda ake zama kafin ta rubuta labarin. A talabijin kuwa, wasan da ya buɗe hanya shi ne Within These Walls na Ingila, wanda aka nuna daga 1974 zuwa 1978, sai dai hankalinsa ya fi karkata ga shugabar gidan yarin da ma'aikatanta. Wanda ya juya kyamara zuwa ga fursunonin kansu shi ne Prisoner na Ostireliya, da ya fara a 1979 ya ƙare a 1986 bayan fitowa 692. Daga nan Jamus ta yi Hinter Gittern tsakanin 1997 da 2007, Ingila ta yi Bad Girls daga 1999 zuwa 2006, Meziko ta yi Capadocia a 2008. Shekarar 2013 ce ta zo da biyun da suka fi shahara a wannan zamani, wato Wentworth, wanda sabunta tsohon labarin Prisoner ne kuma ya kai fitowa 100 kafin ya ƙare a 2021, da Orange Is the New Black na Netflix, mai zango 7 da fitowa 91, wanda ya ƙare a 2019. Bayansu Sifaniya ta yi Vis a Vis a 2015, Afirka ta Kudu ta yi Lockdown a 2017, Turkiyya kuma ta ɗauki labarin Wentworth ta mayar da shi Avlu a 2018.

Me ya sa marubuta suke son wannan wuri haka?

Dalili na farko na sana'a ne. Marubucin labari kullum yana neman hanyar da zai haɗa mutanen da ba su jituwa a wuri guda ya hana su rabuwa, kuma gidan yari ya riga ya yi masa wannan aiki: 'yar masu kuɗi da 'yar talakawa, mai ilimi da wadda ba ta iya karatu ba, tsohuwa da budurwa, duk a ɗaki ɗaya, babu mai ikon tashi ta bar wurin. Ga kuma sauƙin kashe kuɗi, tun da gini ɗaya da tufafi iri ɗaya sun isa a yi shekaru ana ɗaukar wasa, sannan idan jaruma ta bar aikin, sai a ce an sallame ta, ko an mayar da ita wani gidan yarin, ko ta mutu, a kawo sabuwa a motar fursunoni.

Dalili na biyu shi ne cewa da wuya a sami wani irin wasa da zai tara 'yan wasa mata masu yawa haka, ya ba kowace labarinta ba tare da an rataya ta a wuyan wani namiji ba. Dattijai mata da waɗanda ba su da irin surar da masu shirya fim suka saba nema sun sami manyan matsayi a nan. Uzo Aduba, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta ci lambar yabo ta Emmy ta wasannin talabijin a Amurka a 2014 da 2015 saboda fitowarta a matsayin fursuna mai larurar ƙwaƙwalwa a Orange Is the New Black.

Me ya sa kusan kullum labarin yake farawa da sabuwar shiga wadda ba ta yi kama da fursuna ba?

Domin ita ce idon mai kallo. Ana shigo da ita a tsorace, a karɓe kayanta, a sa ta tuɓe a caje ta, a miƙa mata bargo da tufafin gidan, sannan ta bi dogon lungu sauran fursunoni suna yi mata ihu, kuma duk dokar da aka koya mata mai kallo ne ake koya wa. A Vis a Vis, Macarena ma'aikaciyar ofis ce da maigidan aikinta ya yaudare ta da soyayya ya jefa ta cikin almundahana. A Lockdown, Monde tauraruwa ce da ta saba da kyamara da jin daɗi. A Orange Is the New Black, Piper Baturiya ce mai ilimin jami'a, an kuma gina ta ne a kan Piper Kerman, wadda ta yi wata 13 a tsare, mafi yawansu a gidan yarin Danbury da ke jihar Connecticut, saboda ɗaukar kuɗin ƙwaya da ta yi shekaru goma kafin nan, sannan ta rubuta littafi a 2010.

Jenji Kohan, wadda ta ƙirƙiro Orange Is the New Black, ta fito fili ta ce da gangan ta sa Baturiya a gaba, domin tashoshi ba za su sayi labarin baƙaƙen mata da 'yan asalin Latin Amurka da tsofaffi su kaɗai ba, amma idan aka bi bayan wannan aka shiga, sai a sami damar ba da labarin sauran. Dabarar ta yi aiki, amma tana da illa, domin tana koya wa mai kallo cewa akwai wadda ta faɗo gidan yari bisa kuskure kuma ta cancanci tausayi, akwai kuma waɗanda dama can nan ne wurinsu. A zahiri waɗannan na biyun su ne mafi yawa, kuma su ne suka fi buƙatar a saurare su.

Shin faɗa da kisa sun yi yawa a gidajen yarin mata kamar yadda ake nunawa?

A nan ne ƙarin gishiri ya fi yawa. A Prisoner da Wentworth akwai jagorar fursunoni da kowa ke tsoro, wadda alamar mulkinta ita ce babbar na'urar guga mai tururi a ɗakin wanki: ita kaɗai ke aiki da ita, kuma wadda ta kai ƙara wurin gandirobobi ana iya danne mata hannu a ciki. Mai kallon da ya ƙirga gawarwakin da aka fitar daga Wentworth cikin zango 8 zai ɗauka filin yaƙi ne. Zango na 5 na Orange Is the New Black gaba ɗayansa tarzoma ce ta kwana uku, alhali Kerman da kanta ta sha faɗa cewa a zamanta na Danbury ba ta ga wani mummunan tashin hankali ba, kuma abin da ya fi yawa shi ne taimakon juna, kamar yadda tsofaffin fursunoni suke tara wa sabuwar shiga sabulu da buroshin haƙori kafin kuɗinta su iso.

Ba wai babu zalunci ba ne. Akwai cin zali a kan bashi da ƙwaya da taba, akwai gulma da ware mutum, akwai faɗa. Amma mummunan raunin da aka fi samu a gidajen yarin mata shi ne wanda mace take yi wa kanta. A Ingila da Wales mata ba su wuce kashi 4 cikin 100 na fursunoni ba, duk da haka yawan yanka jiki da yunƙurin kashe kai a cikinsu ya ninka na maza sau da yawa. Mutuwar mata shida a gidan yarin Styal cikin kimanin shekara ɗaya, tsakanin 2002 da 2003, ita ce ta jawo binciken Baroness Corston, 'yar majalisar dattawan Birtaniya, wanda rahotonsa na 2007 ya ba da shawarar a rage ɗaure matan da ba su da haɗari ga jama'a, a kuma maye manyan gidajen yari da ƙananan cibiyoyi kusa da garuruwansu. Wuƙar da aka fere daga buroshi tana da daɗin ɗauka a kyamara, amma matar da ta yi kwana uku tana kallon bango ba ta ce uffan ba tana da wuyar nunawa, shi ya sa ake yawan ganin ta farko.

To, su wane ne matan da suke gidan yari a zahiri?

Ƙididdigar da wata cibiyar bincike ta kwalejin Birkbeck da ke Landan ta fitar a 2022 ta nuna cewa mata da 'yan mata fiye da 740,000 ne suke tsare a duniya, wato kusan kashi 7 cikin 100 na dukan fursunoni. Amurka ce kan gaba da fiye da 200,000, sai Sin, sai Brazil, Rasha da Thailand. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne cewa adadin ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100 tun daga shekarar 2000, yayin da na maza ya ƙaru da kimanin kashi 22.

Mafi yawansu ba masu kisan kai ba ne. Ƙananan sata, ƙwaya, dakon ƙwayar wani, bashi da tarar da aka kasa biya su ne suka fi kai su, kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa da yawansu an taɓa dukansu ko yi musu fyaɗe kafin su shiga. A Ingila fiye da rabin matan da ake yanke wa hukuncin ɗauri ba sa kai wata shida. Wannan matsala ce ga mai shirya wasa, domin ba zai gina shekara takwas a kan matar da za ta fita bayan mako goma ba, don haka sai ya cika gidan yarinsa da masu ɗaurin rai da rai. Zango na biyu na wasan Time, wanda BBC ta nuna a 2023, ya kauce wa wannan tarko da ya tsaya a fitowa 3 kacal, inda ɗaya daga cikin jarumansa uwa ce mai 'ya'ya uku da aka ɗaure wata shida saboda ta taɓa mitar lantarki don ta rage kuɗin wuta.

Yaya ake nuna uwa da 'ya'yanta, da ciki da haihuwa?

Wannan shi ne ɓangaren da wasannin suka fi kusantar gaskiya idan sun ga dama, kuma a ganina shi ne ma'aunin da ya kamata a auna kowane irin wasan da shi. Idan aka ɗaure namiji, galibi 'ya'yansa suna nan a gida tare da uwarsu. Idan aka ɗaure mace, sau da yawa gidan ne yake watsewa. Rahoton Corston ya kawo cewa kashi 5 cikin 100 ne kawai na yaran da aka ɗaure uwarsu suke ci gaba da zama a gidansu, sauran kuwa sai wurin kaka ko dangi ko hannun hukuma. A Amurka fiye da rabin matan da ke gidajen yarin jihohi suna da 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba. Kuma saboda gidajen yarin mata ba su da yawa, akan kai mace nesa da garinsu, ta yadda kuɗin mota kaɗai ya isa ya yanke ziyara.

A Time, matar da ta taɓa mita ta je kotu ne ba ta gaya wa 'ya'yanta ba, domin ba ta zaci za a ɗaure ta ba, kuma tun daga cikin motar fursunoni babu abin da take nema sai waya, ta sami wanda zai kula da yaran. A zangon farko na Orange Is the New Black akwai fitowar da aka dawo da wata fursuna daga asibiti bayan ta haihu, hannunta babu jariri, ɗakin ya yi tsit, har matan da ba sa shiri da ita suka kasa haɗa ido da ita. Bad Girls kuwa ya buɗe ne a 1999 da wata fursuna da ta yi ɓari cikin dare a ɗakinta bayan gandiroba ta yi biris da kiran da take yi. Wanda ya ɗauka wannan zuzutawa ce sai ya tuna cewa a 2019, a gidan yarin Bronzefield na Ingila, wata yarinya 'yar shekara 18 ta haihu ita kaɗai cikin dare bayan ta danna ƙararrawa ba a zo ba, jaririyar kuma ta mutu. Tun kafin nan, a 1996, wata tashar Ingila ta nuna hoton da aka ɗauka a ɓoye na wata fursuna mai ciki daga gidan yarin mata na Holloway da ke Landan da aka ɗaure da sarƙa a asibiti, abin da ya tilasta wa gwamnati sauya doka.

Ƙa'idojin Bangkok guda 70 kan yadda ake riƙe fursunoni mata, waɗanda Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a watan Disamba na 2010, sun hana sa wa mace ankwa ko mari lokacin naƙuda da haihuwa da kuma bayan haihuwa nan take, sun hana kulle mai ciki ko mai shayarwa a ɗakin kaɗaici, sun kuma ce a fifita hukuncin da ba na ɗauri ba ga mai ciki da mai ƙananan yara matuƙar laifin ba mai tsanani ba ne. Amurka ba ta hana ɗaure mai ciki da sarƙa a gidajen yarin tarayya da doka ba sai a ƙarshen 2018. Ingila tana da sassa shida na uwa da jariri inda yaro zai iya zama har ya kai wata 18, gidan yarin Bedford Hills na jihar New York kuma yana da ɗakin renon jarirai tun 1901, amma guraben kaɗan ne, kuma ranar rabuwa tana nan tana jira ga wadda hukuncinta ya fi wa'adin tsawo.

Mugun gandiroban da ke lalata da fursunoni, ƙirƙira ce ta marubuta?

A'a. Jim Fenner na Bad Girls, wanda yake yi wa 'yan mata sababbin shiga alkawarin kariya sannan ya yi lalata da su, yana da takwarori a bayanan kotu. A gidan yarin tarayya na Dublin da ke jihar California an samu tsohon shugaban gidan da limamin cocin gidan da wasu ma'aikata da laifin cin zarafin fursunoni, har hukuma ta rufe gidan a 2024. Amurka ta yi dokar yaƙi da fyaɗe a gidajen yari tun 2003, kuma a dokar tarayya ba a karɓar hujjar cewa fursuna ta yarda, domin wanda yake riƙe da makullinki da abincinki da izinin wayarki ba a ce masa a'a cikin sauƙi. Ƙa'idojin Nelson Mandela na 2015, wato na Majalisar Ɗinkin Duniya kan yadda ake riƙe fursunoni, sun ce ɓangaren mata ya kasance a hannun jami'a mace, kuma kada namiji ya shiga sai da rakiyar mace, amma ƙasashe da yawa ba sa bin wannan.

Inda wasanni suke kuskure shi ne tattara duk sharrin a kan mutum ɗaya, irin Joan Ferguson, muguwar shugabar gidan yari a Wentworth, ta yadda mai kallo zai ji cewa da an kawar da ita komai zai gyaru. Lalacewar da ta fi yawa ta ƙarancin ma'aikata ce, da rashin horo, da takardar ƙorafin da ba a karantawa. Mutuwar fursuna Poussey a zango na 4 na Orange Is the New Black ta fi gaskiya ta wannan fuska, domin wanda ya danne ta da gwiwa har numfashinta ya ɗauke matashi ne marar mugun nufi wanda kamfanin da ya karɓi gidan yarin ya ɗauka aiki ba tare da ya horar da shi ba, sannan kamfanin ya bar gawarta a ƙasa yana shawarar abin da zai gaya wa 'yan jarida.

Waɗanne ƙananan abubuwa ne wasannin suke dacewa a kai?

Audugar mata ita ce babban misali. A farkon zamanta, kafin a sa mata kuɗi a asusun shagon gidan, Piper ta ɗaura audugar a tafin ƙafarta a matsayin silifa don ta shiga banɗaki mai ƙazanta, daga baya kuma, da aka cika gidan da fursunoni fiye da kima, audugar ta yi ƙaranci har ta zama abin ciniki. Ƙa'idojin Bangkok sai da suka rubuta ƙarara cewa a ba da ita kyauta, abin da yake nuna cewa a wurare da yawa ba a bayarwa. Haka nan layin waya, da ƙirgen fursunoni sau da yawa a rana, da taliyar leda da ta zama kuɗi, da kwalliyar da ake haɗawa da garin kofi ko alawa mai launi, duk an samo su ne daga bakin waɗanda suka yi zaman. Abin da ba a iya nunawa shi ne wari, da hayaniyar da ba ta yankewa dare da rana, da tsawon yinin da babu abin da ya faru a cikinsa.

Me ya sa ake yawan nuna soyayya tsakanin fursunoni?

Wani ɓangare gado ne daga finafinan shekarun 1970 da aka yi su don nuna tsiraici kawai, wani ɓangare kuma lissafin kasuwa ne. A labarin Kerman na gaskiya, ita da tsohuwar abokiyarta ba su zauna a Danbury tare ba, sun haɗu ne na 'yan makonni a wani gidan tsaro a Chicago inda aka kai su ba da shaida, amma wasan ya gina zango bakwai a kan zamansu tare. Irin wannan alaƙa tana faruwa a gidajen yari, sai dai abin da masu bincike suka fi lura da shi, tun daga nazarin da Rose Giallombardo ta wallafa a 1966 kan gidan yarin mata na Alderson da ke Amurka, shi ne yadda mata suke ƙulla zumunta irin ta iyali, wannan ta zama uwa, waccan ta zama 'ya ko yaya, suna raba abinci suna kare juna. Ya kamata iyaye su sani cewa mafi yawan waɗannan wasanni na Turai da Amurka da Ostireliya an yi musu alamar manya ne saboda tsiraici da ashar da zubar da jini.

Akwai wanda ya nuna gidan yarin da ya fi kama da na ƙasashen Musulmi ko na Afirka?

Akwai, kuma Sijn al-Nisa na Masar, wanda aka nuna a watan Ramadan na 2014, ya cancanci a tsaya a kansa. Kamla Abu Zekry ce ta ba da umarni, Mariam Naoum ta rubuta, an kuma samo shi ne daga wasan dandamali na Fathia al-Assal, wadda ita kanta an tsare ta saboda siyasa. Labarin yana gudana a gidan yarin mata na Qanater da ke arewa da Alƙahira, inda aka tsare marubuciya Nawal El Saadawi a 1981 har ta yi rubutu a kan takardar banɗaki da fensirin gira. Jarumar, Ghalia, wadda Nelly Karim ta fito a matsayinta, gandiroba ce da ta gaji aikin mahaifiyarta, sannan namijin da ta amince da shi ya kai ta ga zama fursuna a gidan da take tsaro. Wasan bai damu da gudu ko tarzoma ba. Yana komawa baya ne ya nuna hanyar da ta kawo kowace: 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye aka wulaƙanta, yarinyar da dangi suke cin kuɗinta suna zaginta, matar da nauyin gida ya taɓa wa hankali. A Masar akwai matan da ake ɗaurewa saboda sun sa hannu a takardar bashi don sayen kayan ɗakin 'yarsu ko biyan kuɗin asibiti suka kasa biya, har ƙungiyoyin agaji suna tara kuɗi don fito da su, kuma mai kallo daga Kano ko Maraɗi zai gane wannan nauyi ba tare da an yi masa bayani ba. Ɗakunan wasan ma manya ne masu cunkoso, da dafa abinci a lungu, da ledojin da dangi suke kawowa ranar ziyara.

Lockdown na Afirka ta Kudu ya fi bin salon Wentworth wajen rikicin mulki da fasa-ƙwaurin ƙwaya, amma harsunan ƙasar da waƙoƙin da fursunoni suke rerawa tare sun ba shi ɗanɗanon wurinsa.

Za a iya ɗaukar abin da ake gani a matsayin hoton gidajen yarin Najeriya?

Ba za a iya ba, domin babban bambancin yana cikin tushen labarin. A wasannin waje kusan kowace fursuna ta san hukuncinta, tana ƙirga kwanakin fitarta. A Najeriya kuwa kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare masu jiran shari'a ne, kuma wata takan yi zaman da ya fi hukuncin laifin da ake zarginta da shi saboda babu lauya, ko an kasa cika sharuɗɗan beli, ko ana ta ɗage zama. Mata kimanin kashi 2 cikin 100 ne na fursunonin ƙasar, kuma ban da 'yan wurare irin gidan yarin mata na Kirikiri a Legas, mafi yawansu suna zaune ne a wani sashe da aka keɓe a cikin gidajen maza. Dokar 2019, wadda ta sauya sunan hukumar zuwa ta gidajen gyaran hali, ta tanadi keɓe mata da kula da masu ciki, ta kuma buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma hidima. A finafinan Hausa galibi gidan yari shi ne ƙarshen labari, inda alƙali zai buga guduma a tasa ƙeyar muguwar kishiya sannan a rubuta sunayen 'yan wasa, alhali a tarihin Arewa akwai irin su Hajiya Gambo Sawaba da aka ɗaure sau da dama saboda siyasar NEPU.

Me yake faruwa bayan an fito, kuma wasannin suna nunawa?

Kaɗan ne suke bin mace ta wuce ƙofa, domin da zarar ta fita ta bar dandalin da aka gina wasan a kai. Waɗanda suka gwada sun taɓo gaskiya. Taystee ta Orange Is the New Black ta samu sallama a zangon farko, ta tarar babu ɗakin kwana, babu aikin kirki, ga sharuɗɗan sa ido da bashin tara, sai ta karya sharaɗi da gangan aka mayar da ita inda aƙalla take da gado da abinci. Matar mita a Time ta fito ta tarar an karɓe gidan hayarta, kuma ba za a mayar mata da 'ya'yanta ba sai tana da gida, ba kuma za a ba ta gidan da zai ɗauki iyali ba tun da yaran ba sa hannunta. Wannan ma ba ƙirƙira ba ce: rahoton masu duba gidajen yari na Ingila a 2016 ya nuna cewa ma'aikatan Bronzefield sun riƙa ba wasu matan da aka sallama tanti da jakar barci saboda babu inda za su. Kerman, wadda ta fito ta tarar da aiki da saurayi da dangi suna jiranta, ta sha faɗa cewa sa'arta ba irin ta sauran ba ce, kuma a 2014 ta tsaya gaban wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ta ba da shaida a kan illar kulle mata a ɗakin kaɗaici.